Runduna ta 54 a gaban ganuwar Wagner: jarunta ce, ko tura su aka yi su mutu?

Malam Habu Zariya:
Salamu alaikum jama'ar zaure. Tun ranar da muka taɓo yaƙin basasar Amurka wata magana ta tsaya mini a rai, bari in sauke ta a nan. Ranar 18 ga Yuli 1863, dab da magariba, aka sa wata rundunar baƙaƙen fata 'yan sa-kai a sahun gaba, aka ce su hau wata ganuwar yashi da ake kira Wagner, a tsibirin Morris, bakin mashigar tashar jiragen ruwan Charleston. Ita ce Runduna ta 54 ta sojan ƙafa daga jihar Massachusetts. Kimanin mutum 600 suka tafi. Kafin dare ya raba, wajen 270 an kashe, ko an raunata, ko an kama, ko an neme su an rasa. Kanar ɗinsu, Robert Gould Shaw, ɗan shekara 25, a kan ganuwar ya faɗi. Kuma ba su ci wurin ba. To me ya sa Amurkawa suke ɗaukar wannan dare kamar ranar nasara? An yi musu mutum-mutumin tagulla a tsakiyar Boston, an yi fim a kansu. Yaƙin da aka sha kashi fa.

Abba Fagge:
Wa alaikumus salam Malam. Ni dai amsar ba ta yi mini wuya ba. Tura su aka yi gaba su shanye harsashi, da abin ya yi muni sai aka lulluɓe shi da kirari. Duba fa: kuratan baƙaƙe zalla, hafsoshin Turawa zalla, ba su fi wata biyar da sa kaki ba, ga tsofaffin rundunonin Turawa a bayansu, sannan a ce su ne a gaba? Ko makaho ya shafa ya san inda aka dosa.

Baba Saje:
Abba, yaro, bi a hankali. Soja ba ya maganar yaƙi sai ya san ƙasar da aka yi shi, bari in zana maka wurin.

Tsibirin Morris dogo ne siriri, yashi ne zalla. 'Yan Kudu, wato jihohin da suka ɓalle daga Amurka, su suka gina ganuwar ta tare shi tun daga bakin teku har bakin fadama. Wanda ya taho daga kudu, teku na damansa, fadama na hagunsa, kuma yana matsowa hanyar tana tsukewa. A daren nan ruwa ya ciko, har waɗanda ke gefen dama cikin ruwa suka riƙa tafiya. Ka ga mutanen da suka taho a jere dole su cunkushe wuri guda, daidai inda bakin igwa yake kallo. In ka tsallake nan ga gwalalo da ruwa a ciki, sannan ka hau tudun yashi yana zamewa a ƙarƙashin ƙafarka. Ana harbinka daga gaba, ana jefo maka daga ganuwar Sumter da ke cikin mashigar da sauran wuraren da ke kewaye.

Babban kwamandan, Janar Quincy Gillmore, injiniya ne da ya yarda da igwa fiye da kima. A Afrilun 1862 ya farfasa ganuwar Pulaski kusa da Savannah cikin kwana biyu, ita kuwa ta jan bulo ce. Sai ya zaci Wagner ma haka za ta yi. Aka wuni ana luguden wuta daga tudu da kuma jiragen ruwan yaƙi. Amma yashi ba bulo ba ne, haɗiye harsashi yake yi. Mutanen ciki, wajen 1,800 ƙarƙashin Janar Taliaferro, da yawansu suka shige wani katon ɗaki da aka binne da gungumen itace da yashi, suka yi zamansu. Da wuta ta lafa suka fito suka koma bakin bindigoginsu. Waɗanda luguden ya kashe ba su taka kara sun karya ba.

Abin da ya fi ba ni haushi, mako guda kafin nan, ranar 11 ga Yuli, an gwada hawan wurin da rundunonin Turawa, aka yi asarar sama da 300, 'yan Kudu 12 kacal. Duk da haka aka sake komawa ta hanya ɗaya, ba tsani, cikin duhu. Ko wa ka sa a gaba a daren nan, baƙi ko fari, abin da zai same shi ke nan.

Abba Fagge:
Baba, ai ƙara mini hujja ka yi. Tunda sun san wurin mahallaka ne, shi ya sa suka zaɓi waɗanda jininsu ya fi araha a wurinsu.

Malama Rabi Katsina:
Abba, zarginka ba daga sama ya faɗo ba, wannan zan ba ka. Akwai wani ɗan jarida da ya ba da shaida daga baya cewa ya ji Janar Truman Seymour, wanda ya jagoranci farmakin, yana faɗin maganar raini a kan sa baƙaƙen Massachusetts a gaba. Amma lissafi bai bi bayanka ba. Sojojin Tarayya, wato na gwamnatin Amurka, sun yi asarar mutum 1,515 a daren, 'yan Kudu 174. Cire na Runduna ta 54, saura sama da 1,200, kuma duk Turawa ne. Janar George Strong, wanda ya ja birgediyar farko, raunin da ya samu ya kashe shi kafin watan ya ƙare. Kanar Putnam mai birgediya ta biyu a cikin ganuwar aka harbe shi. Kanar Chatfield na Connecticut shi ma raunin ne ajalinsa. Shi kansa Seymour an raunata shi. Wanda ya shirya zubar da wasu ba ya bin su cikin ramin.

Sannan kada ka manta, a sojan wancan zamani sahun gaba wurin girma ne, rundunoni suna rububinsa. Shaw da kansa ya rubuta wa Strong a farkon Yuli yana ƙorafin an bar mutanensa a baya, yana son a haɗa su da rundunonin Turawa a fagen daga don a gan su da ido. Ranar 16 ga wata, a tsibirin James, suka yi karonsu na farko, suka tsaya har wata rundunar Turawa ta Connecticut, ta 10, ta samu ta janye ba a yi mata ƙawanya ba. Bayan wannan ne Strong ya yi masa tayin sahun gaba. Yana iya cewa a'a, don mutanensa sun kwana biyu suna tafiya cikin ruwan sama da taɓo, ba barcin kirki ba abincin kirki. Ya ce ya karɓa.

Abba Fagge:
Shaw ya karɓa, Malama. Su kuratan an tambaye su?

Baba Saje:
Kai, a wace bariki ka taɓa jin an tambayi kurtu? Ni shekarun da na yi ina sa kaki ba a taɓa neman shawarata a kan inda za a kai ni ba. Tambayar da ake yi wa ɗan sa-kai guda ɗaya ce, ranar da ya zo rubuta suna.

Malama Rabi Katsina:
Gaskiyar Baba, kuma ranar rubuta sunan ita ce abin dubawa. Ba a yarda baƙar fata ya shiga sojan Tarayya sosai ba sai bayan sanarwar 'yanta bayi ta Shugaba Lincoln, 1 ga Janairu 1863. Gwamnan Massachusetts, John Andrew, ya samu izni, amma baƙaƙen jiharsa ba su da yawan da za su cika runduna, sai aka baza masu neman kurata har Pennsylvania da New York da Ohio da Kanada. Frederick Douglass, wanda ya gudo daga bauta ya zama babban mai yaƙi da ita, yana cikin masu kiran, kuma 'ya'yansa biyu, Lewis da Charles, suka shiga. Lewis shi ne samanjan rundunar. Mafi yawansu 'yantattu ne tun haihuwa, masu sana'a, manoma, wanzamai, ma'aikatan jirgin ruwa, da yawa sun iya karatu da rubutu.

Kuma sun san abin da ke jiransu. A ranar 1 ga Mayu 1863 majalisar 'yan Kudu ta zartar cewa duk hafsan Bature da aka kama yana jagorantar baƙaƙe hukuncinsa na iya zama kisa, su kuma baƙaƙen a miƙa su ga jihohi a yi musu hukuncin bayi masu tawaye. Wato Bature in an kama shi fursunan yaƙi ne, kai in an kama ka ko igiya ko kasuwa. Da wannan sanin suka yi fareti a titunan Boston ranar 28 ga Mayu suka hau jirgi. Kwana biyu bayan Wagner, Lewis Douglass ya rubuta wa yarinyar da zai aura wasiƙa. Ya ba ta labarin yadda mutane suke zubewa a gefensa, amma bai ce an yaudare su ba. Cewa ya yi da suna da baƙaƙen sojoji dubu ɗari da sun kawo ƙarshen yaƙin.

Hadiza Maraɗi:
Ku gafarce ni, ni fim ɗin kawai na gani, wanda Denzel Washington ya fito. A ciki kamar yawancinsu bayi ne da suka gudo, har aka yi wa ɗaya bulala. Ashe ba haka ba ne?

Malam Habu Zariya:
Hajiya, fim ɗin 1989 kike nufi. Ya kyautu a kalla, amma in ban da Shaw da 'yan kaɗan, mutanen cikinsa ƙirƙira ce. Bulala kuwa an hana ta a sojan Amurka tun 1861. Har alkiblar farmakin sun juya, sun sa teku a hagu.

Amma Malama, har yanzu tambayata tana nan. Ba su ne baƙaƙen farko da suka yi yaƙi ba. An yi Port Hudson ranar 27 ga Mayu, an yi Milliken's Bend ranar 7 ga Yuni, duk a Louisiana, duk baƙaƙe sun yi faɗa na gaske, na biyun ma har da wuƙar bakin bindiga ƙirji da ƙirji. Me ya sa waɗancan ba a jin su sai Wagner?

Malama Rabi Katsina:
Allah ya gafarta Malam, saboda waɗancan ba su da Boston a bayansu. Runduna ta 54 tun kafin ta harba harsashi ɗaya idon jaridu yana kanta. Gwamna ya ce mutuncinsa a ɗaure yake da ita. Shaw ɗan manyan masu kuɗi ne, dangi sanannu cikin masu adawa da bauta, ya yi karatu a Harvard, ya riga ya ga yaƙi a Antietam. Sannan ka dubi makon da abin ya faru. Daga 13 zuwa 16 ga Yuli birnin New York yana cin wuta, Turawan da ke fushi da dokar tilasta shiga soja suna farautar baƙaƙe a titi suna ratayewa, har gidan marayun baƙaƙe suka ƙona. Kwana biyu bayan an kashe wannan tarzoma aka yi farmakin, sai ga labari cewa baƙaƙe sun hau ganuwa sun mutu a ƙarƙashin tutar ƙasar. Masu cewa baƙar fata zai jefar da bindiga ya gudu suka rasa bakin magana. Kafin yaƙin ya ƙare wajen baƙaƙe 179,000 sun shiga sojan ƙasa, kusan kashi goma cikin ɗari na sojojin Tarayya. Ban ce Wagner kaɗai ta jawo haka ba, amma ta sauƙaƙa wa masu kiran aikinsu.

Abba Fagge:
Yauwa! Ashe dai mun dawo wurina. Ɗan masu kuɗi Bature ne ya mutu, shi ya sa duniya ta ji.

Malama Rabi Katsina:
Rabi ka faɗa daidai, kuma bari in ba ka abin da za ka ƙara da shi. Mutum-mutumin da masassaƙi Saint-Gaudens ya yi, wanda aka buɗe a 1897, Shaw ne a kan doki, su suna tafe a ƙasa. An rubuta sunayen hafsoshin Turawa da suka mutu, amma sunayen baƙaƙen sai farkon shekarun 1980 aka ƙara. To amma wanda ya ɗaukaka labarin daban, wanda ya yi aikin daban. Ɗan jarida bai hau musu ganuwa ba.

Baba Saje:
Hawan kam sun hau. Da aka buɗe musu wuta ba su warwatse ba, suka haɗe giɓi suka ci gaba da gudu, suka faɗa gwalalo suka haura. Shaw yana kaiwa sama aka harbe shi. Waɗanda suka isa suka yi ta fama hannu da hannu, wasu suka maƙale a jikin tudun wajen sa'a guda ana jefo musu gurneti. Hafsoshi suka ƙare har rundunar ta koma hannun Kyaftin Luis Emilio, ƙaramin kyaftin a cikinsu, shi ya tattara ragowar. Rundunonin da suka biyo baya, ta 6 ta Connecticut da ta 48 ta New York, sun samu sun shiga ta wata kusurwa, amma agaji ya makara, cikin duhu ma wasu nasu suka buɗe musu wuta daga baya. Birgediya ta uku kuwa ba a ma tura ta ba. Wannan shi ake kira zuba mutane kaɗan-kaɗan kamar mai ba kaji tsaba.

Kuma kada a manta da Saje William Carney. Haifaffen bawa ne daga Norfolk. Da mai riƙe da tuta ya faɗi ya cafe ta, ya kai ta jikin ganuwar, ya durƙusa da ita yana riƙe, sannan ya jawo jiki ya dawo da ita da raunuka a jikinsa, ya ce wa 'yan uwansa tutar ba ta taɓa ƙasa ba. Ku farar hula za ku ce ƙyalle ne. A wancan zamani, cikin hayaƙi da ƙara, tuta ce kaɗai ke nuna maka inda rundunarka take. Lambar girma mafi daraja ta sojan Amurka sai 1900 aka ba shi, bayan shekara 37. A tsakani rabon wasiƙu yake yi a garin New Bedford.

Malama Rabi Katsina:
Ni fa in za ku bar ni, abin da ya fi girma a idona ba daren nan ba ne. Hawan ganuwa na sa'a biyu ne, jini na tafasa, kowa na kallonka. Maganar albashi ita ce ta wata 18.

Da aka ɗauke su an yi musu alkawarin dala 13 a wata, daidai da kurtun Bature. Da suka isa Kudu sai gwamnati ta ce a'a, dokar 1862 ta ce baƙar fata dala 10 ne, kuma a cire 3 kuɗin kaki, saura 7. Bature kuwa 13 ɗinsa cif, kuɗin kakinsa daban. Saje baƙi ma 7 ɗin ne, wato kurtun Bature ya kusan ninka samanjansu. Rundunar ta ce ba ta karɓa. Mai biyan albashi ya zo, a jera su, su ƙi. Ya sake zuwa, su ƙi. A ƙarshen 1863 majalisar jihar Massachusetts ta ce to ita za ta cika musu ragowar daga aljihunta, aka aiko wakilai da kuɗi. Nan ma suka ƙi. Suka ce in sun karɓa sun yarda ke nan cewa don kuɗi suke yi, kuma sun yarda gwamnatin ƙasa ta ɗauke su ƙasa da soja. A lokacin nan wasiƙu suna zuwa daga gida, mata da 'ya'ya ba abin sawa a baki, wasu an kai su gidan gajiyayyu.

Wani kofur a cikinsu, James Henry Gooding, ya rubuta wa Lincoln da kansa a Satumban 1863 yana tambaya: mu sojoji ne ko leburori? An kama shi a yaƙin Olustee, ya mutu a sansanin fursunoni na Andersonville a Yulin 1864, bai taɓa cikakken albashin ba.

Abba Fagge:
To ni wannan ya fi shiga kaina. Amma Malama, wata 18 ba ko sisi kuma suna ci gaba da yaƙi? Me ya hana su ajiye bindiga?

Baba Saje:
Bindigar ce za ta juyo kansu. Ajiye makami a bakin daga tawaye ne. Wani saje mai suna William Walker, na wata rundunar baƙaƙe ta South Carolina, ya ja mutanensa suka jingine bindigogi a ƙofar tantin kwamanda saboda wannan albashin, a farkon 1864 aka harbe shi. Wayon mutanen 54 shi ne sun ƙi kuɗi amma ba su ƙi aiki ba. Ba dokar da ta ce a harbe wanda ya ce ba ya son albashinsa.

Kuma Abba, ga abin da zai ba ka dariyar takaici. A Olustee ɗin nan, jihar Florida, 20 ga Fabrairu 1864, wa kake tsammani ya ja sojojin Tarayya? Seymour ɗin dai. Ya sake kai mutane aka yi musu kaca-kaca. Runduna ta 54 tana cikin waɗanda suka tare baya har sauran suka janye, sun shiga fagen suna yi wa dala bakwai ɗinsu kirarin shaguɓe. Bayan nan jirgin ƙasan da ya ɗauko masu rauni ya lalace a hanya, suka ɗaura igiyoyi suka ja shi da ƙarfin tuwo.

Malama Rabi Katsina:
Sai Yunin 1864 majalisar ƙasa ta daidaita albashin, nan ma da ƙulli a ciki: cikakken bashin baya sai wanda yake ɗa tun ranar 19 ga Afrilu 1861. Akwai waɗanda a ranar bayi ne. Sai Kanar Edward Hallowell, wanda ya gaji Shaw, ya tsara musu rantsuwa cewa a wannan rana ba wanda yake da haƙƙin aikinsu kyauta. Kowa ya rantse da zuciya ɗaya, tunda a wurinsu ubangidan bawa ba shi da wannan haƙƙi ko da can. Da kaka ta 1864 aka biya su.

Ya Modu Yerwa:
Na daɗe ina karantawa ban ce komai ba, ina jiran in ga ko wani zai tuna da mutuminmu. Kun san a tsibiran nan akwai ɗan Kukawa?

Jauro Girei:
To fa. Babarbare ya iso, yanzu za mu ji cewa su suka ci yaƙin basasar Amurka.

Ya Modu Yerwa:
Kai Bafillace, koma wajen shanunka, manya na magana. Da masu son shiga Runduna ta 54 suka yi yawa, ragowar aka kafa Runduna ta 55 da su. A cikinta akwai Muhammad Ali ɗan Sa'id, wanda Turawa suka sani da Nicholas Said. A Kukawa aka haife shi, ya ce mahaifinsa Barka Gana ne, babban kwamandan yaƙin Shehu Laminu. Yana yaro Buzaye suka kama shi, aka ƙetara Sahara da shi zuwa Turabulus, daga nan Santambul, daga nan ya faɗa hannun manyan Rasha, a can aka yi masa baftisma aka sa masa Nicholas. Ya zaga Turai yana hidima, ya iya harsuna da dama, ya shigo Amurka, ya koyar a Detroit, a 1863 ya rubuta suna. Har saje ya kai. Rundunarsu ta iso tsibirin Folly, maƙwabcin Morris, a watan Agusta, bayan farmakin, kuma suna cikin masu haƙan ramukan da aka riƙa matsawa da su zuwa jikin Wagner.

Malam Habu Zariya:
Ikon Allah. Daga bakin Tafkin Chadi zuwa bakin Charleston. Ya Modu, ya bar wani rubutu?

Ya Modu Yerwa:
Ya bari, Malam. An buga tarihin rayuwarsa a birnin Memphis a 1873. Abin mamaki, bai ambaci aikin sojansa a ciki ba ko da layi ɗaya. A lokacin yana yawon koyarwa a jihohin Kudu, yana sayar wa mutanen can littafin. Ku auna da kanku.

Jauro Girei:
Wannan karon na sallama maka, maigidan goro. Amma Baba Saje, tunda an ambaci haƙan rami, ƙarshenta yaya aka ci wurin?

Baba Saje:
Da shebur, ɗana. Abin da ya kamata a yi tun farko. Aka yi ta haƙa ana matsawa, rana na dukan mutane, ana harbinsu, kuma kaso mai yawa na wannan aikin baƙaƙen rundunoni aka ɗora wa, har da ragowar 54. Da ramuka suka iso bakin gwalalo, ga wari da ruwan sha da ya gurɓace saboda gawarwakin da ke cikin yashi, 'yan Kudu suka sulale cikin dare, wayewar 7 ga Satumba aka tarar ba kowa. Charleston ɗin da ake yi dominta kuwa sai Fabrairun 1865 ta faɗi, kuma 55 da 54 suna cikin waɗanda suka shiga garin.

Malam Habu Zariya:
Na shigo da tunanin cewa Amurkawa sun mayar da kashi nasara ne don su rufe kunyar janar-janar ɗinsu. Har yanzu ina ganin akwai wannan, Baba ya tabbatar mini farmakin ɓarna ne. Abin da ban lissafa da shi ba shi ne rundunar tana da nata dalilin da ba na Gillmore ba.

Abba Fagge:
Ni ban sauka gaba ɗaya ba, Malam. Mutum ya mutu kafin a yarda shi mutum ne, wannan ciniki ba na yaba shi. Kuma ba wanda ya taɓo Darien.

Malama Rabi Katsina:
Taɓo shi mana, ai gaskiya ce. Ranar 11 ga Yuni 1863 an kai su garin Darien a Georgia ƙarƙashin Kanar James Montgomery, aka wawashe garin aka ƙona, alhali ba wanda ya tare su. Shaw ya nuna ƙin amincewarsa, ya rubuta ƙorafi, amma wani kamfani nasa ya sa hannu. 'Yan Kudu sun riƙe wannan a zuci.

Hadiza Maraɗi:
To shi Shaw ɗin an mayar wa iyayensa gawarsa?

Malama Rabi Katsina:
Ba a mayar ba, 'yar uwa. An tuɓe shi aka jefa a rami ɗaya da mutanensa, da nufin wulaƙanci. Da sojojin Tarayya suka so neman gawar, mahaifinsa ya rubuta wa Gillmore ya ce a bar shi inda yake, tare da waɗanda suka faɗi da shi. Bayan yaƙi aka kwashe ƙasusuwan da ke tsibirin zuwa maƙabartar sojoji ta Beaufort, ba suna a kansu.

Jauro Girei:
Ganuwar fa, tana nan ana zuwa gani?

Baba Saje:
Ina! Teku ta cinye wurin tuntuni. In ka je yau sai dai mai kwalekwale ya nuna maka ruwa ya ce a nan take.